Babbar Aka Bar Mana

Duk Gazawa an san ni da baki. Ni ce Rahina mai ƙuli-ƙuli, wadda in ka yi wa kwalbar man gyaɗarta tayin rainin wayo za ta wanke ka tas a tsakiyar kasuwa, ta kuma bi ka da "a gaida gida". Ban taɓa jin kunyar wannan ba. Abin da nake jin kunya shi ne sau biyu tak aka buƙaci bakin nan a rayuwata, kuma duka biyun bai yi mani amfani ba.

Mijina Hafizu sunanshi. Shekara ashirin ina aurenshi ban kira sunan nan ba, sai yanzu da babu mai amsawa. Yana da ɗan shago a bakin titi, daura da meri, wato ofishin magajin gari, inda ake buga takardu, a yi fotokopi, a ɗauki hoton kati. Ranar shuka ya faɗi a gona, aka kai shi likitar Agiye, babban asibitin da ke kusa da mu, kwana uku ya cika. Mata suka cika gidan suna ba ni haƙuri, ni kuwa na rasa abin da zan yi haƙurin a kanshi, don ba na jin komai. In mutum ya daɗe zaune kan ƙafa, ko ya tsungule ta ba ya ji. To haka gaba ɗayana ya koma. Ina cin tuwo, ina salla, ina amsa gaisuwa, in an ce in kwanta in kwanta.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana, Saliha, shekararta goma sha takwas. Da ta gama kwaleji ba ta ci gaba ba, uban ya ɗauke ta shago, cikin shekara guda hannunta ya fi nashi sauri. Ba mu da wani abin dogaro sai shagon nan. Ƙuli-ƙulina cefane kawai yake ɗauka. Shagon kuwa ƙashin bayanshi aiki ɗaya ne: duk shekara in an koma lakol, wato makarantar boko, direktan babbar firamare, Mushe Abdulrahaman, yakan ba Hafizu aikin hotunan yara da takardunsu. Aikin nan shi ke riƙe mu har wata shekarar, kuma sauran lakol-lakol inda babbar ta kai nan suke kaiwa.

Kwamfuta biyu ce a shagon. Akwai babbar, mai kalar azurfa, mai kauri, nauyinta kamar ɗan dutsen niƙa. A gefen inda ake ɗora hannu an manna mata wata 'yar takarda shuɗiya, an rubuta i7. Tana bisa tebur tana kallon ƙofa, an lulluɓe ta da ƙyallen kwarashin da na saƙa da hannuna, amma an bar wurin bakwai ɗin a buɗe don duk mai shigowa ya gani. Sai ƙaramar, baƙa, sirirriya, ko da yatsu biyu a ɗauke ta. Ita takardarta i3 aka rubuta. Tana ƙarƙashin tebur kan wani katako, inda mai shigowa ba ya hangowa. Kowa a gari ya san Hafizu da mai bakwai yake aiki. Ni da Saliha kaɗai muka san cewa duk takardar da ta fita daga shagon nan, cikin ƙaramar ta fito.

Wata azahar na kai mashi abinci na same shi ya dunƙule yana aiki ƙarƙashin tebur. Na ce shi kuwa wane irin mutum ne, ga doki a ɗaure yana hawan jaki? Ya yi dariya har da tari. Ya ce bakwai da uku ɗin nan sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar ne, amma ba ƙarfinta ake faɗa ba, sunan gidansu ne kawai. Akwai tsoho tukuf a babban gida, akwai saurayi a ƙaramin gida, in buhu za a ɗaukar mani wa zan kira? Ya ce mai bakwai ɗin nan haihuwar zubi na biyu ce, ƙaramar kuwa zubi na goma sha ɗaya, shekara tara ne tsakaninsu. In ana son sanin gaskiya, lambar da ke bayan sunan ake dubawa. Daga nan ya shiga wani bayani mai tsawo, wai a wata lambar harafin farko ake karantawa, a wata kuma biyun farko, wai akwai baƙaƙen da ake liƙawa a ƙarshe masu nasu ma'ana, wai akwai wani kamfanin daban shi ma yana da nashi uku da biyar da bakwai da nashi lissafin, wai yanzu ma an sake sunayen gaba ɗaya an koma ƙirga daga ɗaya. Na ce mashi waɗanda suka raɗa sunayen nan ba su son zaman lafiya, ya ci tuwonshi kafin ya huce. Abin da na riƙe kawai shi ne a duba lambar baya.

Na tambaye shi to me ya sa bai jefar da tsohuwar ba. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce lambar bakwai ɗin nan mutane suke so su gani, wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyu kuwa na san shi ba sai ya faɗa ba. Wanshi, Yaya Usaini, manomi ne a Cadakori can ƙasar Gidan Rumji, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shekara shida da suka wuce, lokacin da Hafizu ba shi da aikin yi, Yaya Usaini ya sayar da sanshi na noma ya ba shi kuɗin ya ce ya je ya sayo injin da ya fi kowane. Hafizu ya tsallaka Katsina, wani ɗan kasuwa ya rantse mashi babu abin da ya wuce bakwai, ya sayo. Kallon kitse aka yi wa rogo. Kafin shekara ta zagayo batirinta ya mutu murus, in an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, in an kunna ta kuwa sai ka sha shayi ka wanke kofi ba ta farka ba. Hafizu ya daure da ita shekara uku kafin ya tara ya sayi ƙaramar. Bai taɓa faɗa wa wanshi ba. Duk sanda Yaya Usaini ya zo Gazawa sai ya shiga shago ya ɗaga ƙyallen ya shafa ta, Hafizu kuma ya ce ai ita ke ciyar da mu.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren gidanmu. Malam Ɗahiru, limamin unguwa, shi ya zauna da dattawa uku. Ina cikin takaba, don haka aka shimfiɗa mani tabarma bayan ƙofa, ina jin su, ina hango ƙafafunsu da abin da ke gabansu a ƙasa. Magada uku ne: ni, Saliha, da Yaya Usaini. An kwaso kayan shago an jera, injin buga takarda, kyamara, kwamfutocin biyu, ga kuma maganar gida da 'yar gona.

Malam bai gama bayanin rabon kowa ba Yaya Usaini ya ɗaga hannu. Ya ce shi ya yafe. Gida, gona, injuna, duk ya bar wa marainiya da uwarta, ba zai ci ko allura ta ƙanenshi ba. Dattawa suka yi ta sa mashi albarka. Malam ya ce wannan alheri ne babba, amma yana da kyau ya karɓi ko da ɗan wani abu, don kada gobe 'ya'yanshi su ce an hana ubansu haƙƙinshi. Yaya Usaini ya dubi kayan. Na ga hannunshi ya wuce kyamara, ya wuce injin bugawa, ya tsaya kan babbar ya shafa, sannan ya sauka kan ƙaramar.

"To a ba ni wagga 'yar ƙaramar," ya ce. "Mai uku. Babbar a bar ma ɗiya ta ci abinci da ita."

Na ji maganar sarai. Na kuma san abin da take nufi. Amma kamar daga gidan maƙwabta ake yin ta.

Saliha ce ta taɓa mani ƙafa. Na yi gyaran murya na ce, Yaya, da dai ka ɗauki babbar ka bar mana ƙaramar, mu ita ta ishe mu. Zauren ya ɗauki "Allahu akbar". Wani dattijo ya ce kun ji 'yar mutunci, an ba ta babba tana neman ƙarami. Yaya Usaini ya ce wallahi ba za a yi haka ba. Na sake cewa don Allah ya ɗauki babbar, ai da sanshi aka saye ta, shi ya fi cancanta. Ashe na ƙara zuba wa wutar mai ne. Ya ce ai saboda haka ne ma ba zai ɗauka ba, kyautar da ya yi wa ƙanenshi da rai ba zai amshe ta a bayan ranshi ba. Duk abin da na faɗa, kara suke ji. A wurinmu in an miƙo maka nama ka ce a bar shi, ƙaro maka ake yi. Da bakina na koya wa Saliha wannan, yau ga shi ya kama ni.

Sai na tuna da maganar azahar ɗin nan. Na ce Malam, marigayi ya taɓa ce mani ba bakwai da uku ake dubawa ba, akwai wata lamba a baya, ita ke faɗin gaskiyar kowace. Malam Ɗahiru mutum ne mai son a yi abu a kan ƙa'ida. Ya ce to a duba. Aka sa Saliha ta jona su. Ranar kuwa, don abin ya cika, akwai wuta. Ƙaramar ta farka kafin a ƙifta ido. Babbar ta yi ta gurnani tana juya wani ɗan zobe a fuskarta, ana zaune ana jira. Yaya Usaini ya ce babba ba shi gaggawa, aka yi 'yar dariya.

Da ta farka, Saliha ta shiga inda ake shiga ta karanto. Ta babbar 2620 da wani baƙi a ƙarshe. Ta ƙaramar 1115 da nata baƙaƙen. Malam ya sa aka maimaita, ya rubuta da yatsa a ƙasa. Ya ce dubu biyu da ɗari shida da ashirin, ga kuma dubu ɗaya da ɗari da goma sha biyar. Ta gaba babbar ta fi, ta baya ma ta fi, har ta ninka. Ya ce Hajiya, hankalinki ya kwanta, babu cuta a ciki, marigayi ma ya ba da shaida.

Na zauna ina kallon lambobin nan a ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa. Na san akwai wani abu game da harafi ɗaya da harafi biyu, amma na neme shi a kaina na rasa. Saliha ta sani. Na ji ta ja numfashi ta ce, "Amma Baba..." sannan ta waiwayo wajena. Yarinya ba ta gyara wa liman lissafi a gaban dattawa sai in uwarta ta tsaya mata. Kuma in ta faɗa, ba za a tsaya a lamba ba. Sai an ce san Yaya Usaini a banza ya tafi, sai an ce Hafizu ya shekara shida yana yi wa wanshi ƙarya, yana yi wa gari ƙarya da ƙyallen kwarashi, mutumin da ko ciyawa ba ta gama fitowa a kabarinshi ba. Na ga duk wannan a jere. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, gajiya kawai na ji. Na sunkuyar da kai. Malam ya ce a shafa fatiha.

Saliha ta roƙi a ba ta awa ɗaya ta kwashe ayyukan da ke cikin ƙaramar, aka ba ta. Yaya Usaini ya naɗe kwamfutar cikin wata tsohuwar rigar Hafizu ya sa a jakarshi. Ko igiyar cajin bai ɗauka ba, ya ce shi ba kunnawa zai yi ba, ajiyewa zai yi yana tuna ɗan uwanshi. Igiyar tana nan rataye a ƙusa har yau.

Daga ranar Saliha ta koma shago da babbar. Ba ta yi mani maganar ba, ni ma ban yi mata ba. Da magariba in ta dawo sai in tambaye ta ya shago, ta ce lafiya. A bakin maƙwabta nake jin sauran. Mutum zai kawo takarda ɗaya, a fara bugawa, a ɗauke wuta, komai ya tafi. In wutar ta dawo a jira ta farka, a sake daga farko. In hoto ne kuwa, da an buɗe abin gyaran hoto sai ta sandare, ta yi zafi, ta kashe kanta. An tambayi mai gyara a Maraɗi ta waya ko za a sami batirinta, ya ce irin wannan an daina kawowa tun yana yaron shago. Mutane suka fara cewa ai dama, hannun uba daban na ɗiya daban, injin dai ga shi nan mai bakwai, yarinyar ce ba ta iya ba. Wannan maganar ta iso kunnena ina tsince gyaɗa. Da can da sai na yafa mayafi na je na ji wanda ya fara ta. Na ci gaba da tsintar gyaɗata.

Duk Juma'a Yaya Usaini yakan bugo waya. Ya gaishe ni, ya tambayi ɗiya, sannan ya ce ya babbar, tana aiki? In ce tana aiki, Yaya, Allah ya saka da alheri.

Na fita takaba ana cikin girbi, sati biyu da komawa lakol. Washegari Mushe Abdulrahaman ya zo gida da kanshi. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ya gwada Saliha da hoton yara goma, kwana uku ba su fito ba, ga shi yara sun fi ɗari uku, kuma daga sama ana matsa mashi. Akwai wani mai shago a Agiye da ya ce zai zo da kayanshi ya gama cikin kwana biyu. Saboda marigayi zai jira zuwa Litinin. In ranar an fara aiki sosai, aikin namu ne, in ba haka ba mu yafe mashi.

Bayan ya fita Saliha ta zo ta tsaya a bakin ɗakina. Ta ce, "Inna, da ƙaramar kwana ɗaya da wuni zan gama." Iyakar abin da ta ce ke nan, wata uku bayan rabon.

Na ce ta je ta ɗauko babbar.

Ranar Asabar da sassafe na sa ta cikin jakar leda mai zane, na shiga motar Maraɗi. Na riƙe ta bisa cinya tun daga Gazawa, muka wuce Agiye, muka wuce Cadawa, cinyata ta mutu. A hanya na shirya maganata tsaf. Zan ce Yaya, ba kara nake yi ba, ka saurare ni har in gama. Saliha ta rubuta mani a takarda da manyan baƙaƙe: a 2620 harafin farko kaɗai ake karantawa, zubi na biyu ke nan, a 1115 sha ɗayan ake karantawa, zubi na goma sha ɗaya. Na maimaita har na haddace. A Maraɗi na canza mota zuwa Tibiri, daga can aka cusa mu cikin wata mai buɗaɗɗen baya zuwa Cadakori. Na isa bayan azahar.

Matarshi Baturiya ta tarbe ni da guɗa 'yar ƙarama, ta kawo fura. Gidan duk damman gero ne a jingine. Na lura babu sa a turke, jaki ne kawai. Shekara shida, ashe bai mayar ba. Aka aika gona aka kira shi, ya zo da ƙaiƙayi a gemu, ya zauna nesa kaɗan muka gaisa, muka sake yi wa juna gaisuwar rashi.

Idonshi ya faɗa kan jakar. Na zuge ta na fito da babbar na aje tsakaninmu. Na buɗe baki ke nan ya riga ni. Ya ce Allah sarki, Rahina, kin san ina kewarta shi ya sa kika ɗauko mani ita tun daga Gazawa in gani? Ya matso ya ɗora tafinshi a kanta. Babban yatsanshi ya sami 'yar takardar nan shuɗiya yana shafawa.

Sai ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo adakarshi ta ƙarfe har bakin ƙofa, ya buɗe da makullin da ke wuyanshi. Ƙarƙashin rigarshi ta salla ga rigar Hafizu a naɗe. Ya warware ta. Ƙaramar tana nan tsaf, ko ƙura babu. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Ya ce duk Juma'a yakan fito da ita ya duba ya mayar.

Ya zauna yana ba ni labari, ni ban tambaye shi ba. Ya ce da ubansu ya rasu, shi ya cire Hafizu daga lakol don ya taya shi noma, alhali yaron shi ke zuwa na ɗaya. Malamin lakol ya zo har gida sau uku yana roƙo, shi ya kore shi. Ya ce wannan abin ya tsaya mashi a rai shekara ashirin da wani abu. Ranar da ya ja san nan zuwa kasuwa, mutanen gari sun ce ya haukace, damina biyu da hannu ya yi huɗa. Amma da ya je Gazawa ya ga ƙanenshi zaune bayan injin da babu kamarshi, mutane na layi suna ce mashi Mushe kamar malamin lakol, a ranar ya yi barci.

"Ni dai ban san abin da zan tarar ba in na kwanta dama," ya ce. "Amma in an tambaye ni mi na yi ma Hafizu, ina da abu guda da zan nuna. Wagga ta." Ya buga babbar a hankali da tafinshi. Hawaye na bin gemunshi, bai share ba.

Takardar Saliha tana cikin tafina, ta jiƙe da gumi. Na san abin da zan faɗa kalma bayan kalma. Na san in na faɗa zai ba ni, nan take zai ba ni, ba zai ko yi musu ba. Zai naɗe mani ƙaramar da hannunshi, ya karɓi babbar ya sa a adaka, kuma duk Juma'a in ya buɗe ya san abin da ke ciki. Na dubi dattijon nan, na dubi turken da babu sa, na tuna ɗiyata a bakin ƙofa. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina ya nuna mani gefen da zan bi. Babu abin da ya motsa.

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Tana dai yi ma ɗiya aiki yadda ya kamata?"

Na ce, "Tana yi, Yaya."

Ya ce alhamdulillahi. Ya naɗe ƙaramar cikin rigar, ya mayar ƙarƙashin rigar salla, ya rufe adakar ya kulle.

Na kwana wajen Baturiya. Da safe suka haɗa mani rabin buhun sabon gero da kaza, Yaya Usaini ya ɗauki jakar babbar da kanshi har bakin mota, ya ce wa direba a yi hankali da ita, kayan marainiya ne. Ya ɗora mani ita bisa cinya. Muka biyo hanya, Tibiri, Maraɗi, Cadawa, Agiye. A Agiye motar ta tsaya ɗaukar mutane daidai gaban wani shago mai sabon allo, an zana kyamara a jiki. Na kalle shi har muka tashi. Wata mata kusa da ni ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce lafiyata ƙalau.

La'asar ta yi sanyi na sauka Gazawa. Ɗan kabu-kabu ya ɗaure geron a bayan babur ɗinshi, na rungume jakar. Tun daga kan kwana na hango Saliha a ƙofar gida. Ta share shago, an faɗa mani daga baya, ta goge tebur, ta sayo takardar hoto, ta sauko da igiyar cajin nan daga ƙusa. Igiyar na hannunta a naɗe lokacin da muka tsaya.

Ta yi mani sannu da zuwa, ta miƙo hannu ɗaya ta karɓi jakar. Nauyin ya ja hannun nata ƙasa har kafaɗarta ta karkace. Ba ta zuge ba, ba ta dube ni ba. Ta ɗan tsaya a haka, sannan ta sa ɗayan hannun ta tallabe ta.

"Ya su Baba Usaini?" ta ce.

Na ce suna lafiya, suna gaishe ta.

Ta shiga gida da jakar, ta mayar da igiyar kan ƙusa. Ni kuma na tsaya a waje ina taya ɗan kabu-kabu kwance geron.